Kowa ya riƙe gorarsa, mu daina sayen ruwan roba: zai yiwu a Maradi?

Mushe_Lawali:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda ya bi ta bakin tasha ko gefen babbar kasuwa bayan an ɗauke ruwan sama ya san abin da ke cikin magudanai: leda, gorunan roba, marafensu, duk sun cushe hanyar ruwa. Ba wanda ya manta ɓarnar da damanar 2024 ta yi mana a garin nan. Ban ce roba ce kaɗai ta jawo ba, ruwan ya yi yawa, amma magudanar da ta toshe ba ta taimaki kowa ba. Ni dai na daina sayen ruwan gora. Na sayi gorar ƙarfe mai riƙe sanyi, ina cika ta a gida da safe in tafi lakkol da ita. Me zai hana mu duka mu yi haka? Kuma mu fara daga tarukanmu, suna da biki da taron ƙungiya, inda ake sauke katan-katan na ruwa, mutum ya kurɓi rabi ya yar da sauran ƙarƙashin kujera.

Abdu_Kabukabu:
Wa alaikumus salam Mushe. Niyyarka mai kyau ce, amma mutum nawa ne ke shan ruwan gora a Maradi? Ruwan manya ne. Mu da ke yini bisa babur piya wata muke sha, dala 5 (sefa 25), mu tsotse mu wuce. In ana neman abin da ya cika gari, ledar piya wata ce da baƙar leda ta cefane.

Maman_Hadiza:
Abdu ya riga ni. A unguwarmu Zariya da wuya ka ga gora mai marfi ta kwana a ƙasa, yara sun tsince ta tun kafin magariba. Leda ce ba mai so.

Mushe_Lawali:
Na yarda leda ta fi yawa. Amma maganin ɗaya ne ai. Wanda ke ɗauke da gorarsa bai buƙatar piya wata, bai buƙatar ruwan katan.

Hajiya_mai_zoɓo:
Mushe, bari in faɗa maka inda gorunan nan suke zuwa, don wurinmu suke zuwa. Ni zoɓo da kunun aya da lemun tsamiya nake yi, da su nake biyan kuɗin makarantar ɗiyana. Yara ke kawo mini gorunan da suka tsinto daga gidan biki da wajen taro, in saya, in jiƙa su da omo a babban baho, in zuba ƴan tsakuwa a ciki in girgiza har dattin gindin ya fita, in ɗauraye da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, in kife su a kan tabarma su bushe. Masu man gyaɗa ma da su suke awo, masu nono haka, masu zuma haka. Idan manya suka daina shan ruwan gora, gorar za ta yi tsada a wurinmu, kuma sabuwa ba ta talaka ba ce. Ba ina cewa kar a gyara ba, ina so dai a san akwai mata da yawa da abincinsu ke rataye da wannan robar da kuke kira shara.

Nas_Rabi:
Hajiya, Allah ya saka miki da irin wannan wankin, amma ba kowa ke yi ba. Ni a wurin aiki ina ganin yara na zagaya bayan ɗakunan marasa lafiya suna tsintar goruna. Wata an tofa kaki a ciki, wata an kai fitsari awo da ita. Gobe a ɗauraye ta da ruwa kawai a zuba kunu. Ko don wannan kaɗai ina bayan Mushe: ka zo da gorarka, mai zoɓo ta zuba maka a ciki.

Hajiya_mai_zoɓo:
In mutum ya zo da tasa ai sauƙi ya yi mini, har ragi zan yi masa. Amma yarinyar da ke yawo da kula a ka, a tasha, mota na shirin tashi, yaushe za ta tsaya awo?

Sani_Mahauci:
Ku bar ni in shigo da abin da idona ya gani. Mu a mahauta mun san leda fiye da kowa. Za a kawo akuya ta rame, ciki ya kumbura, mai ita ya ce tana ci amma ba ta ƙiba. In munka farke tumbi sai mu tarar da dunƙulen leda ya murɗe kamar igiyar guga, baƙa da fara, da ƙyar wuƙa ke shiga. Wani lokaci har da marfin gora a ciki. Jar akuyar Maradi da ake alfahari da fatarta har ƙasashen waje, yau leda take kiwo a juji. Macen da ta tara kuɗin adashi ta sayi akuya, asararta ce wannan. Don haka ni ko gora ko leda, duk abin da zai rage su ina ciki.

Ɗaliba_UDDM:
Baba Sani, wannan shaida ta fi ta takarda. Ga ɗan abin da muka karanta a jami'a. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa tun daga shekarun 1950 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka narkar aka sake sarrafawa, kashi 12 aka ƙone, kashi 79 na jibge a juji ko a watse cikin ƙasa da ruwa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana cewa ana sayen gorunan roba kusan miliyan 1 a kowane minti. Abin da nake so Maman Hadiza ta duba shi ne, gorar da yara suka tsince ba ta ɓace ba. Za ta yi zoɓo, ta yi man gyaɗa, ta lotse, marfin ya saki, daga nan sai juji ko murhu. Jinkiri kawai aka yi mata.

Maman_Hadiza:
Murhu kam gaskiya ne. Da damana in itace ya jiƙe, da leda ko guntun gora mata da yawa ke hura wuta.

Nas_Rabi:
Don Allah a daina wannan. Hayaƙin roba guba ne, kuma mai girki da goyon da ke bayanta su ke fara shaƙa.

Alhaji_Direba:
Ni hanyar Yamai da Damagaram nake bi, wani lokaci Katsina ta Ɗan Isa. Tun kafin a san piya wata muna tafiya da ruwanmu. Iyayenmu salka suke ratayawa, makiyayi da gyandamarsa. Mu kuma bido muke naɗewa da tsumman buhu, a ɗinke shi da kyau, a jiƙa, a ɗaure a jikin mota inda iska ke bugu. Kafin ka kai Gidan Rumji ruwan ya yi sanyin da za ka sha ka gode Allah. Ba kuran, ba ƙanƙara. Yanzu kuwa duk inda mota ta tsaya, Madawa, Konni, Dogon Dutsi, ka dubi ƙasa bayan fasinja sun hau. Fari fat da leda. Abin da Mushe ke kira ba baƙo ba ne, komawa ce ga abin da munka sani.

Abdu_Kabukabu:
Alhaji, kai kana da mota da wurin ɗaure bido. Ni a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gorar lita 1 kafin hantsi ta ƙare. A ina zan sake cikawa? Kuma ruwan da ke cikin gorar roba a kan babur zuwa azahar ya zama na wanka. Sanyin muke saye, ba ledar ba.

Issa_Sabongari:
Wannan ita ce maganar. Talaka ba ruwa kaɗai yake saye da dala 5 ba, firigo yake haya na minti ɗaya.

Mushe_Lawali:
Abdu, mai riƙe sanyi nake nufi, irin mai bango biyu. In ka sa ƙanƙara da safe, har la'asar da sauran sanyi. Ka yi lissafi: in kana shan piya wata ta dala 40 a yini, a wata jika 6 (sefa 6,000) ke nan. Gorar kirki ba ta kai haka ba a kasuwa.

Abdu_Kabukabu:
Dala 5 sau takwas a yini daban, jika 4 a dunƙule daban, Mushe. Mai albashi ne ke iya fitar da ita lokaci guda.

Baba_Tibiri:
Ƴaƴana, kuna ta maganar gora, ba ku yi maganar abin da za a zuba cikinta ba. Ni mutumin Tibiri ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 yaranmu sunka sha ruwan wata rijiyar burtsatse da sinadarin fuliwo ya yi wa yawa. Ruwa garau, ba wari, ba launi. Haƙora sunka yi ja, ƙafafu sunka lanƙwashe, wasu har yau da abin suke rayuwa, sun zama magidanta. Wanda ya ga wannan ba ya raina mai tsoron ruwan pompo. In mutum ya sayi ruwan gora don jaririnsa ko don marar lafiya, kada ku ce masa ɗan gayu. Ni ban ƙi shawarar Mushe ba, amma a fara da tabbatar da ruwan.

Ɗaliba_UDDM:
Allah ya ba su lafiya Baba. Ƙarin bayani ga masu karatu: irin wannan sinadarin tafasawa ba ta fitar da shi, ƙwayar maganin ruwa ma ba ta fitar da shi. Sai dai a auna rijiyar a canza ta. Tafasawa da magani ƙwayoyin cuta suke kashewa.

Nas_Rabi:
To bari in tsaya a kan ƙwayoyin cutar, don nan ne gorar da ake sake cikawa ke iya zama matsala. Mun ga kwalara a 2018, daga yankin Madarunfa ta faro, mun sake ganinta a 2021, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Sau da yawa ruwa na fitowa daga pompo lafiya lau, a gida yake lalacewa: bidon ɗan ga-ruwa da ba a wanke cikinsa, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsoma hannu har wuyan hannu. In daga nan ka cika gorarka, gorar jika 10 ma ba ta tsare ka.

Sannan ita kanta gorar. Ku buɗe marfin ta yaranku ku ciro ƴar robar nan mai zagaye da ke hana yoyo, ku duba ƙarƙashinta. Baƙin datti mai santsi za ku gani, wani lokaci kore. Abin da nake gaya wa mata a wajen awo: a sayi mai faɗin baki wadda hannu ko buroshi ke shiga, a wanke kullum da sabulu, a kife ta ta bushe da dare ba tare da marfi ba, kuma kowane yaro da tasa. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa, ko a sa ƙwayar maganin ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar a jira minti 30. In za a yi haka, ina tare da ku ɗari bisa ɗari. In ba za a yi ba, mun gudu daga shara mun faɗa gudawa.

Issa_Sabongari:
Ita piya watar da ake ganin tsafta ce, wa ya san inda aka ɗura ta? Na taɓa shiga wani gida da ake yi, ruwan pompo ne ke bi ta matata ya shiga inji, buhunan kuma a jibge a rana tsakar gida. Wasu na da tsafta, wasu sai addu'a.

Zara_Maradawa:
Ni abin da na ji shi ne duk ruwan gora da ya sha rana yana kawo ciwon daji, saboda wani sinadarin roba da ake kira BPA. Shi ya sa na daina.

Ɗaliba_UDDM:
Anti Zara, a ɗan gyara. Ki juya gindin gorar ruwa za ki ga lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku, wato irin robar da ake kira PET. Wannan ba a yin ta da BPA. BPA yana cikin wata roba mai tauri da ke shiga rukunin lamba 7. Abin da aka tabbatar game da PET shi ne zafi mai yawa na ƙara sa wani sinadari, antimoni, ya ɗan zuba cikin ruwan, don haka ajiye katan a rana ko cikin mota ba dabara ba ce. Kuma a Janairun 2024 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun ƙirga ɓarɓashin roba kusan 240,000 a lita 1 ta ruwan gora. Wanda bai da kuɗin ta ƙarfe ya nemi roba mai lamba 5 ko 2, an yi su don a daɗe ana amfani da su.

Zara_Maradawa:
Na gode ƙanwata. Zan duba na gidana.

Nura_mai_shago:
Tunda an zo kan saye, ni ina sayar da su, bari in faɗi gaskiya. Ba duk mai ƙyalli ce ta kirki ba. Akwai wadda wata biyu sai tsatsa a gindi, akwai ta alminiyam da aka shafa wa fenti. A duba ciki ko gindi, in an rubuta 304 ko 18/8 ita ce ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai bango biyu in ka zuba ruwan zafi bayanta ba ya ɗumi. In ya yi ɗumi, ba za ta riƙe sanyi ba. Kuma kar a zuba zoɓo ko tsamiya a ta alminiyam, tsami na cin ta. Abdu, in ka zo shago ka riƙa ba da kaɗan-kaɗan, ba komai.

Ɗaliba_UDDM:
Kuma a riƙe ta ta daɗe. Ƙera gorar ƙarfe ɗaya ya fi cin makamashi nesa ba kusa ba a kan ta roba ɗaya. Ribarta ga muhalli sai an daɗe ana sha da ita. Mai canza sabuwa duk sallah yana rage wannan ribar.

Malam_Limanci:
Jama'a, Mushe ya ambaci biki, kowa ya tsallake. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi almubazzaranci, Suratul A'araf aya ta 31. Ku je gidan walima bayan an watse ku ga gorunan da aka buɗe aka bari da ruwa. A da kowane gidan mutunci akwai randa a ƙofar gida, da murfi da moɗa, mai wucewa ya sha ya sa albarka. Da azumi ma yanzu sadakar ruwa ta koma buhun leda, bayan an sha ruwa harabar masallaci sai an share. Mai son lada ya kafa randa ko kula mai famfo a ƙofar masallaci, ya ɗauki nauyin wanke ta.

Maman_Hadiza:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma akwai abin da maza ba ku gani. In na aurar da ɗiyata na ajiye kula da kofuna, dangin ango za su tafi da labari cewa ko ruwan gora ba mu iya saye ba. Na biyu, kofi 200 wa zai wanke? Mu ne, bayan mun kwana a gindin tukunya. Leda da gora sun shigo biki ne don sun rage wa mata aiki. In za a koma kofi, samari su karɓi wankin.

Mushe_Lawali:
Wannan gaskiya ce Maman Hadiza, kuma sharaɗi ne mai kyau. Maganar surutu kuwa, in masu hali suka fara, ba mai cewa talauci ne.

Sani_Mahauci:
Samarin da ke ɗaukar kujeru da runfa ai ana biyansu. A haɗa musu da kofuna a cikin cinikin.

Hamisu_Doka:
Duk wannan nauyi kuna ɗora wa talaka, alhali akwai doka. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamban 2014 ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda marar kauri a Nijar. Ku leƙa kasuwa ku gaya mini ko an daina. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, kuma sun bi abin da gaske. Mu iyakarmu da Najeriya a buɗe take ga kaya, leda na shigowa ta Jibiya da sauran hanyoyi kullum. Gorar Mushe ɗaya ba za ta tare wannan ba. Sai hukuma ta tashi, magajin gari ya sa wuraren zuba shara, a kuma tilasta wa masu kamfanin ruwa su karɓi robarsu. Da can lemun kwalba sai ka mayar da kwalba ake ba ka wani, ba wanda ke yar da ita.

Alhaji_Direba:
Hamisu, jiran hukuma ba ya hana mutum share ƙofar gidansa.

Hamisu_Doka:
Ban hana ba Alhaji. Ina tsoron mu sayi gora mu ji mun gama aiki.

Manomi_Jiratawa:
Ni tsofaffin gorunan ba na yar da su. Ina huda marfin da allura, in cika, in kife a gindin dashen zogale ko mangwaro, ruwa na ɗiga a hankali har yini. Itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta da yawa rani ke kashe su don ba mai ba su ruwa. Da ɗaliban Mushe za su riƙe wannan dabarar da an tsira da wasu. Amma wanda ya ga galan ko gorar maganin ƙwari, irin su piya-piya, kada ya kuskura ya mayar da ita ta ruwan sha ko ya wanke ta sau nawa. A karkara ana yi, kuma yana kisa.

Mushe_Lawali:
Wannan zan kai wa ɗalibaina. Na kuma ji maganar Baba_Tibiri da Nas Rabi: gora ba ta gyara ruwa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa wanda ke da pompo a gida da ɗan hali bai da uzurin sayen katan.

Abdu_Kabukabu:
Ni tambayata ba a amsa ba. Na yarda zan je wurin Nura. In ta ƙare da hantsi ina unguwar Ali Ɗan Sofo ko bakin tasha, a ina zan cika, kuma mai sanyi?

Hajiya_mai_zoɓo:
Ɗana, ina da firigo, in akwai kuran ina yin ƙanƙara. Zan iya ajiye kula a ƙofar gida, mai gora ya ba da dala 5 a cika masa lita guda. Ya fi leda yawa ai. Nas Rabi ta zo ta nuna mini yadda zan sa maganin daidai.

Nas_Rabi:
Zan zo Hajiya. Kula mai famfo za ki nema, kada a riƙa tsoma kofi.

Issa_Sabongari:
Gida ɗaya bai isa garin nan ba. Masu shaguna da ke bakin titi, wa zai bi sahun Hajiya? Kuma ranar da aka yini ba kuran, ko pompo ya ɗauke, Abdu ya koma ina?

Nura_mai_shago:
Ni zan ajiye randa babba a inuwar shagona, randa ba ruwanta da kuran. Kuɗin ɗan ga-ruwa ne dai sai mun yi magana da maƙwabtana, don ni kaɗai ba zan iya ɗauka kullum ba.